Yatsan Gwaggo

Ɓerayen da Dakta ke gwaji a kansu a jami'a sun fi gwaggonsa gata. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Kafin a soka wa ɓera ɗaya allura sai wani kwamiti na manyan malamai ya zauna ya yi tambayoyi, ya gamsu, ya sa hannu. Ita kuwa Gwaggo, a tsaye a bakin ƙofar kicin aka yanke hukunci a kan lafiyarta, ana jiran ruwan shayi ya tafasa.

Dakta ba dakta ba ne tukuna. Digiri na uku yake yi a sashen harhaɗa magunguna, amma tun ranar da ya fara shigowa gida da farar riga a kafaɗa uwarsa Hajiya ta laƙaba masa sunan, kowa ya bi. Gwaggo kaɗai ke kiransa Babana, don sunan mahaifinta ya ci. Ita ce yayar Alhaji maigidan. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ba ta ɗakin da ke can ƙuryar gida bayan tankin ruwa, inda a da ake jibge karyayyun kujeru. Ba a zaginta, ba a hana ta abinci. Ba a dai zuwa ne. Mai aiki za ta dire kwano a bakin ƙofa ta ce "ga shi nan", ta juya. Wanda rigarsa ta yage ko maɓallinsa ya cire zai leƙo ya miƙa mata, in ta gama ɗinkewa kuma aike zai yi a karɓo.

Tana da ciwon suga. Ƙwayoyin asibiti ne suke riƙe da ita, safe da yamma. Likitar ido ta taɓa gaya mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa idon hagu ya riga ya tafi, in ta yi wasa da magani na dama zai bi shi. Idon daman nan shi ne dukiyarta. Da shi take zura zare a allura, da shi take kallon ɗan tsirin tsakar gidan da tagarta ke nunawa, ta ga wanda ya fita da wanda ya dawo, ko da ba wanda ya waiwayo.

Aikin Dakta a kan sassaƙen wani itace yake. Ya busar, ya niƙa, ya tatse, ya ba ɓerayen da aka sa wa ciwon suga, sai sugansu ya sauka. Ranar da ya ga haka ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba har ofishin Farfesa, malamin da ke duba aikinsa. Akwai wata cibiyar bincike a ƙasar waje da ke ɗaukar matasan masana, shi kuma yana so kafin ya nema ya san ko abin zai yi aiki a jikin mutum.

"Mutum?" Farfesa ya zare tabarau ya dube shi. "Kai da ko ƙodar ɓerayen nan ba ka gani ba? Ka ba su na dogon lokaci, ka buɗe su, ka duba hanta, ka duba ƙoda. Mutum shi ne ƙarshe, shi ma sai da izini."

"Ranka ya daɗe, ai mutane suna shan sassaƙen nan tun kaka da kakanni."

"Jiƙawa suke yi a ruwa su kurɓa. Kai ka tatse buhu guda ka dunƙule shi a kafso ɗaya. Ba abu ɗaya ba ne. Je ka yi abin da na ce."

Ya ce to, ya fita. Da yamma ya shigo gida da wata farar roba cike da kafso a jakarsa.

A bakin kicin ya tarar da iyayensa. Bai kira abin gwaji ba, taimako ya kira shi.

"Ganye ne dai ko?" in ji Alhaji.

"Sassaƙe ne, Baba."

"To sassaƙe me zai yi wa mutum?"

Hajiya ta ɗaga murfin butar shayi ta leƙa. "Ga mai ciwo a gida, ga mai magani a gida, a ce kullum ana jigilar bin layin asibiti? Ai wannan rahama ce ta zo mata har ɗaki."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce shi ma fa sugan nan ya ɗan taɓa shi, ko shi ma za a ba shi?

"A'a," Hajiya ta tare da sauri. "Kai kana fita, kana tuƙi, mutane na dogare da kai. Kar a taɓa maka naka. A fara da Gwaggo tukuna, ita da ba inda take zuwa."

Ba wanda ya ji nauyin maganar. Ruwa ya tafasa, aka zuba shayi.

Da Gwaggo ta ji sallamarsa a bakin ƙofarta sai ta rikice. Ta kwashe tsummokaran ɗinki daga kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ta karkaɗe ta da gefen mayafi, tana ta ce masa ya shigo, ya shigo. Rabonsa da ɗakin har ta manta. Ya zauna, ya tambayi jikinta, ya saurari amsar har ƙarshe. Sannan ya fito da robar.

"Gwaggo, ni na haɗa wannan da hannuna. Ke nake so ki fara cin moriyarsa."

"Kai ka haɗa, Babana? Kai da na goya kana tsotsar yatsa?" Ta karɓa da hannu biyu, tana jujjuya robar kusa da idon dama. "Allah ya yi maka albarka. Sai in riƙa haɗawa da na asibiti?"

"A'a. In kina shan biyu ba zan san wanne ne ya yi aikin ba. Haka ƙa'idar take. Na asibitin ki ba ni in ajiye."

Ta ɗago ta dube shi. "Likitar ido fa ta ce..."

"Gwaggo, su likitocin ai mu muke haɗa musu abin da suke rubutawa. Kuma kullum da safe zan zo da kaina in auna ki. Kar dai ki ci komai sai na zo."

Kullum da safe. Wannan kalmar ce ta shiga kunnenta, sauran duk suka wuce. Ta jawo gwangwanin da take ajiye ƙwayoyinta ta miƙa masa, ya juye su a aljihu.

Ya kuwa cika alkawari. Da safe sai ta ji takunsa ya zagayo tanki. Zai zauna, ya kama hannunta, ya goge kan yatsa da auduga mai sanyi, ya ɗan tsira, ya matso ɗigon jini a kan tsinken na'ura. Shekaru ke nan ba wanda ya riƙe hannun matar nan sai in kuɗin cefane ko tsumma za a saka mata a ciki. Ta koma wanka da sassafe, ta sake zani, ta share ɗaki, ta gyara kujera ta fuskanci ƙofa. Tsiran ba ya mata zafi. Da ya ce bari a canza yatsa don wannan ya yi taushi, dariya ta yi ta ce ai goma gare ta, ya zaɓa.

Ba ta san karatun na'urar ba, amma ta iya karatun fuskarsa. In lambar ta ɗan sauka sai ya washe, ya ɗauki hotonta a waya, ya miƙe ƙafa ya zauna hira. Ya ba ta labarin ɓerayen, farare masu jajayen idanu, kowanne da alamarsa a wutsiya, da ɗakinsu mai sanyi wanda ba a shiga sai da safar hannu.

"Wato su ma suga ne da su?"

"Mu muka sa musu."

"Kai, Allah ya isar musu! To ka gaida min abokan ciwona, ka ce ina nan ina shan nawa."

In kuwa lambar ta hau, sai ya ɗaure fuska. "Me kika ci jiya da daddare?" Ta faɗa. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya tattara kayansa, ya ce yana sauri. Ranar sai ta wuni da kujera ba kowa a kai.

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ba wawiya ba ce. Ta lura in ta kwana da yunwa, fuskarsa takan saki da safe. Sai ta fara juye abincin darenta a bayan tanki, wata kyanwar maƙwabta ta samu gidan zuwa. Mai aiki takan ɗauki kwano wayam ta kai kicin, Hajiya ta ce, "Kun gani? Har cin abincinta ya ƙaru." Shi kuma Dakta ya tara hotunan lambobi a waya yana kallonsu a mota, yana ganin kansa a ƙasar waje. Lambobin ba su taɓa sauka inda ya kamata ba. Sun dai ɗan rusuna ne, shi kuma abin da yake son gani ke nan.

Jiki kuwa ba ya karɓar cin hanci. Ƙishirwa ta dame ta, ta sha ruwa har cikinta ya yi ƙara, bakinta na nan a bushe. Hanyar banɗaki ta zama hanyarta. Ƙafafunta suka fara kumbura, silifas ya ƙi shiga. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana neman zagaye biyu. Wata rana ta ɗauki allura za ta ɗinke wa Hajiya bakin mayafi, ta lashi zare, ta nufi kafar, zaren ya wuce ta gefe. Ta koma bakin taga, ta sake. Wasu baƙaƙen zarurruka ne ke yawo a cikin idon, in ta bi su da kallo su gudu, in ta tsaya su dawo. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta.

Da Hajiya ta gaji da jiran mayafinta ta zo karɓa da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Ban gama ba," in ji Gwaggo. "Idon ne yake min wani iri. Kamar ana kaɗa zare a ciki."

"Tsufa ne, Gwaggo. Ni ma nan sai da tabarau nake ganin lambar waya. Kawo in ba tela."

Daga ranar aka daina kawo mata ɗinki. Masu leƙowa su miƙa riga ma suka ɗauke ƙafa.

Ta gaya wa Dakta, a hankali, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, don kar ya ji kamar ta raina maganinsa. Ya ɗaga fatar idonta da babban yatsa ya leƙa, alhali shi ba likitan ido ba ne.

"Jikin ne yake sabawa da maganin. Zai wuce. Ki dai daure, mun kusa."

Mun kusa ina, bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Ranar komawarta asibiti ta zo. Ta lallaba har inda Alhaji ke ajiye mota, ta same shi yana goge gilashi.

"Yau ce ranar likitar ido."

"Haba Yaya. Kina hannun Dakta kuma kina neman wata likita? Mutumin da ake nema har ƙasashen waje? In kika je suka ji kin canza magani, surutu za su yi, su ɓata wa yaro aiki. Ki bari ya gama."

"Idon ne nake jin tsoro."

"Ki bar wa Allah. Ko kin fi shi sanin magani ne?"

Ta ce a'a, ba ta fi shi ba. Ya shiga mota, ta matsa gefe ya wuce.

Aikin jami'a ya yi wa Dakta yawa, sai zuwansa ya fara jinkiri. Wata rana hantsi, wata rana sai rana ta take. Ita kuwa tana zaune, kwanon karin kumallo a rufe a bakin ƙofa, ƙudaje na zagaya shi, gumi mai sanyi na tsattsafo mata. Ba za ta taɓa ba. Ya ce kar ta ci sai ya zo. Wani lokacin sai la'asar zai tuna, ya aiko a ce mata ta ci kawai, yau ba zai samu dama ba.

A can ɗakin gwaji, lokacin buɗe ɓerayen da aka daɗe ana ba maganin ya yi. Dakta ya sa safar hannu, abokiyar karatunsa na riƙe masa fitila. Ya buɗe na farko. Na biyu. Na uku. Ƙodojin da ya kamata su zama jajaye masu santsi sun kumbura sun yi fari-fari, kamar naman da ya kwana a ruwa.

"Innalillahi," in ji abokiyar karatun. "Dubi yadda ya cinye su. Allah ya rufa asiri da ba mutum aka ba ba."

Ya je famfo ya cire safar, ya daɗe yana wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi.

Farfesa kuwa murna ya yi. "Wannan ma sakamako ne, kuma babba. Ka gano yana sauke suga, ka gano yana kashe ƙoda. Ka rubuta duka biyun yadda suke. Ka ga amfanin haƙuri ko?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

Da yamma ya shiga ɗakin Gwaggo, ba a lokacin da ya saba ba. Bai zauna ba. Ya ɗauki farar robar daga kan taga ya saka a jaka.

"An gama wannan zangon, Gwaggo."

"Na warke ke nan?"

"Ana dai dubawa."

"Gobe da safe fa? In jira ka?"

Yana kallon ƙafafunta da suka cika kamar an hura. "Zan leƙo," ya ce, ya fita da sauri har ya yi tuntuɓe da kwano.

Ya gaya wa iyayensa abin da ya gani a ƙodar ɓerayen, a falo, ƙofa a rufe. Ya ce ya kamata a kai ta asibiti a duba ƙodarta da idonta. Ya faɗa, wannan kam ba zan danne masa ba. Amma sau ɗaya ya faɗa, da muryar mai fatan a hana shi.

"A kai ta yanzu?" Hajiya ta dafe ƙirji. "Likitocin nan duk sun san Farfesanka. Tambaya ɗaya za su yi mata ta zazzage musu komai. Shekarun da ka yi kana wahala su tafi a banza saboda tsohuwar da dama ciwonta ya daɗe?"

"Ba a ce ba za a kai ta ba," in ji Alhaji. "A bari ya kare kundin digirinsa tukuna. Abin da ya yi saura kaɗan ne. Ka mayar mata da ƙwayoyinta na da, shi ke nan."

Dakta ya zaro ƙwayoyin daga durowar da ya watsa su. Daga falo zuwa bayan tanki ba tafiya ba ce, amma ƙafarsa ta ƙi. Ya ba mai aiki ya ce ta kai.

Gwaggo ta shafa su a tafin hannu, ta gane su. Ta mayar.

"Babana ya ce kar in sha waɗannan, za su ɓata masa aiki. In ya canza magana, ya zo da bakinsa ya gaya min."

Mai aiki ta kai saƙo kicin. Hajiya ta ce rigimar tsufa ce, a ajiye mata a taga, in ta gaji za ta sha. Ba wanda ya gaya wa Dakta, shi kuma bai tambaya ba. Ya koma fita ta ƙofar gaba tun da sassafe, ya dawo bayan magariba, kundinsa a hammata.

Ita kuwa kullum sai ta yi wanka, ta sake zani, ta juya kujera ta fuskanci ƙofa. Ba na asibiti, ba na Dakta, ba karin kumallo sai rana ta yi tsaka ta tabbata ba zai zo ba. Ta san ƙwayoyin na kan taga. Ta kuma san in ta sha, ba sauran dalilin da zai kawo shi.

Wata safiya ta farka ta ji ƙarar tukwane a kicin, ta ji rediyon maƙwabta, ta ji injin tanki na jan ruwa. Ta yi mamakin yadda mutane suka tashi aiki gari bai waye ba. Ta laluba bango har taga, ta tura. Zafin rana ya sauka a fuskarta. Ba ta ga komai ba sai wani duhu mai ja-ja.

Ta kira Alhaji da sunan da take kiransa suna yara. Ta kira Hajiya. Ta kira Babana. Injin tanki ya shanye muryarta. Sai da mai aiki ta kawo abincin rana ta tarar da ita a durƙushe a gindin taga, kwanon safe ya kife, ta taka shi ba ta sani ba.

Yanzu kam dole a je asibiti. A mota Hajiya ta zauna kusa da ita, har ta riƙe mata hannu.

"Gwaggo, in likita ta tambaya, ki ce ke kika gaji kika daina shan maganin. Kar ki ambaci na Dakta."

"Yaya, rayuwar yaron nan a bakinki take," in ji Alhaji daga wajen tuƙi. "In suka ji, korarsa za a yi, a hana shi aikin magani har abada. Abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce. Tona shi ba zai dawo miki da ido ba."

Gwaggo ta juya fuskarta inda ba kowa. "Yana cikin motar?"

"Yana gaba."

"Babana, kana ji?"

"Ina ji, Gwaggo."

Ta jira. Motar ta tsaya a danja, ta tashi, bai ƙara komai ba.

Likitar ido ta haska fitila a idon dama, ta daɗe, sannan ta ajiye fitilar da ƙarfi. Jini ne ya ɓalle a cikin idon. Za a gwada abin da za a iya, amma kar su sa rai. Awon jini kuma ya nuna ƙoda ta taɓu.

"Baba, ban gaya miki ba? Ban ce kar ki yi wasa da maganin nan ba? Wa ya ce ki daina?"

Gwaggo na jin numfashinsu su uku a bayanta.

"Ni ce. Na gaji da haɗiya."

"Kin gaji! To me kika koma sha? Don ƙodar nan ba suga kaɗai ya yi mata haka ba."

"Ɗan sassaƙe ne."

"Wa ya ba ki?"

"A hanya na saya."

Matar da ba ta taka bakin titi ba tun bara. Likitar ta girgiza kai, ta yi mata faɗa kamar ƙaramar yarinya, ta ce irinsu ne suke kashe kansu da jahilci sannan a zo a ɗora wa asibiti. Ta juya ga Dakta, don an gabatar mata da shi tun shigowarsu.

"Kai kuma ɗan'uwa, kana harkar magani, a gidanku a yi haka?"

Hajiya ta riga shi. "Wallahi likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Kullum yana ɗakinta yana auna ta, dubi yatsunta. Tsofaffi ne, sai haƙuri."

Likitar ta kama hannun Gwaggo ta ga ɗigo-ɗigon tsira a kan kowane yatsa. Ta sassauta murya. "Allah ya saka maka. Ba kowane ɗa zai yi haka ba."

Dakta ya ce amin.

Ya kare kundinsa lafiya. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yaba masa a gaban jama'a, ya ce ga irin masanin da ake buƙata, wanda ya ga maganinsa na aiki amma bai yi gaggawar kai shi jikin mutane ba, ya tsaya ya duba illarsa. Aka tafa. A shafin godiya ya ambaci Farfesa, da iyayensa, da abokan karatu, har da mai share kejin ɓeraye. Cibiyar ƙasar waje ta ce ya zo.

Aka yi walima a gida. Kujerun haya suka cika tsakar gida har gindin tanki, daga nan suka tsaya. Duk wanda ya tambayi Gwaggo sai Hajiya ta rage murya ta ce ba ta jin daɗi, ta yi wasa da maganinta ne ido ya tafi, sun yi fama har sun gaji. Masu tambaya su ce Allah ya kyauta, su koma kan farantinsu. Gwaggo na jin komai ta taga. Da aka kira sunansa da laƙabinsa, wanda yanzu ya zama na gaskiya, aka ɗauki tafi, ita ma ta tafa a cikin ɗakinta.

Ba wanda ya ɗaga mata hannu a gidan nan, ba wanda ya zage ta, shi ya sa har gobe suke kwana da minshari. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma in ka zauna da shi zai faɗa maka har ka kusa gyaɗa kai. Alhaji zai ce ɗansa ya kare. Hajiya za ta ce ciwon dama ya daɗe. Dakta zai ce niyyarsa alheri ce. Abin da ba wanda zai faɗa shi ne yadda aka zaɓe ta. An duba gidan kaf, aka nemi wadda ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da inda za ta kai ƙara, wadda kaɗaici ya gasa har za ta ba da idonta a kan a zauna da ita na ɗan lokaci da safe. Ɓeran da ya mutu a ɗakin gwaji an rubuta abin da ya kashe shi. Ita an sa ta ta ɗauki laifin da bakinta.

Washegarin walima masu kujeru suka zo suka kwashe kayansu, gida ya yi shiru. Gwaggo ta yi wanka da lalube, ta ɗaura zani a bai-bai ba ta sani ba, ta laluba kujera ta juya ta wajen da take zaton ƙofa ce. Kwanon karin kumallo na bakin ƙofa a rufe.

Sai ta ji taku ya nufo tanki. Ko cikin mutum dubu ta san takun nan. Ta gyara zama, ta goge yatsanta a gefen zani, ta miƙa shi gaba.

Takun ya tsaya. Aka buɗe famfo, ruwa ya fara zuba a bokitin wanke mota.

"Babana?" ta ce. "Ban ci komai ba."

Ruwan ya ci gaba da zuba har bokitin ya cika ya fara malala a ƙasa. Sannan aka rufe famfon. Takun ya juya, a hankali, ya yi nisa.

Ba ta sauke hannun ba. Ta ce a ranta wataƙila na'urar ya je ɗaukowa.